Wa Ya Gaya wa Dawa Cewa Damina Za Ta Ƙare?

Tambayar nan da ke bisa ba kacici-kacici ba ce. Abu ne da kowane manomi a ƙasar Hausa ya sani, ko da yake ba kowa ne ya tsaya ya nemi dalilinsa ba. Idan mutum ya shuka dawarsa irin ta gado, farafara ko kaura, da ruwan farko, maƙwabcinsa kuwa bai sami damar shuka tasa ba sai bayan sati uku ko huɗu, to in kaka ta matso sai ka ga gonakin nan biyu sun fid da kai kusan tare, abin da ke tsakaninsu bai fi 'yan kwanaki ba. Ta farkon dai takan fi tsawo da kaurin kara, amma wajen lokacin fid da kai sai ka ce sun haɗa baki. Lokacin da suka zaɓa kuwa shi ne dab da ɗaukewar ruwa. To, wa ya gaya musu? Dawa ba ta da ido, ba ta da kunne, ba ta kuwa taɓa ganin kalanda ba.

Kafin mu kai ga amsa, sai mun fara duba abin da ya raba tsiro da dabba. Akuya in rana ta dame ta sai ta koma inuwa, in ta ji ƙishirwa ta nufi rafi, in ta hangi kura ta sheƙa. Shi kuwa tsiro inda ƙwayarsa ta faɗa nan zai rayu, nan zai mutu. Rana ta gasa shi, iska ta kaɗa shi, ruwa ya yi masa yawa ko ya yanke, duk a tsaye zai karɓa. Saboda haka dabarar da Allah ya hore masa ita ce ta girma. Da girma yake zuwa inda yake so, da dakatar da girma yake kauce wa abin da zai cuce shi. Ya miƙe ta nan, ya tsaya ta can, ya karkata, ya zub da ganye, ya yi fure yanzu ko ya jinkirta sai wata mai zuwa.

Mu fara da haske, don shi ne kowa zai iya gwadawa a gida. Ka shuka wake a gwangwanin madara, ka ajiye a ɗaki kusa da taga. Cikin 'yan kwanaki za ka ga ya sunkuya wajen tagar. Ka juya gwangwanin, gobe ko jibi ka tarar ya sake juyowa. Mutane sun daɗe suna ganin haka, amma waɗanda suka fara bin diddigin abin sosai su ne Baturen Ingila nan Charles Darwin da ɗansa Francis, waɗanda suka buga abin da suka gano a 1880. Sun yi aiki ne da wata ciyawa dangin hatsi, a lokacin da tsironta ya ɓullo daga ƙasa kamar tsinke, bai ko buɗe ganye ba. Waɗansu suka yanke musu kai, waɗansu suka sa musu 'yar baƙar hula wadda haske ba ya ratsa ta, waɗansu hular gilashi, waɗansu kuma suka bar kan a buɗe suka rufe jikin. Sa'an nan suka haska su ta gefe guda. Masu hular gilashi da waɗanda aka rufe wa jiki suka karkata wajen hasken, amma waɗanda aka yanke wa kai da masu baƙar hula suka tsaya ƙyam. Abin lura a nan shi ne, wurin da ke lanƙwashewa yana can ƙasa da kan. Watau kai ne ke gani, jiki ne ke lanƙwasa. Ashe ke nan akwai wani saƙo da ke sauka daga sama zuwa ƙasa.

Sai da aka shekara 46 kafin a kama saƙon nan a hannu. A 1926 wani ɗalibi a jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan, mai suna Frits Went (ku lura 'yan'uwa, shekarunsa 23 ne kacal), ya yanke kawunan irin waɗannan tsirrai ya jera su a kan wani abu mai kama da daskararren kunu, ya bar su na ɗan lokaci. Sa'an nan ya zub da kawunan, ya yayyanka daskararren abin nan ƙanana-ƙanana, ya ɗora guntu ɗaya a gefe guda na tsiron da aka yanke wa kai. A cikin duhu, ba haske ko kaɗan, sai tsiron ya lanƙwashe, ya juya wa gefen da guntun yake baya. Wannan ya nuna cewa saƙon wani sinadari ne da kai ke yi, yana tsiyayowa ƙasa, har ya jiƙa abin da aka ɗora shi a kai. Daga baya aka sa masa suna oksin, daga wata kalmar Girkanci mai ma'anar ƙaruwa.

Ga yadda yake aiki. An gina jikin tsiro ne da 'yan mitsi-mitsin ɗakuna waɗanda ido ba ya iya gani sai da madubin ƙara girma, masana suna ce musu sel. Inda oksin ya taru a jikin kara, ɗakunan wurin sukan ƙara tsawo. In haske ya bugo ta gefe guda, sai oksin ya gusa zuwa gefen inuwa, gefen inuwa ya fi gefen haske tsawo, dole kara ya sunkuya wajen haske. Kamar shanun huɗa ne guda biyu a karkiya ɗaya, in na dama ya fi na hagu sauri, ai garma hagu za ta yi.

Oksin nan bai tsaya ga wannan aiki kaɗai ba. Duk macen da ke da zogale a bayan ɗaki ta san cewa in ta bar shi zai yi ta miƙewa siriri har ya fi ƙarfin hannunta, amma in ta sare kansa sai ya fashe da rassa, ganye ya yi yawa. Dalili kuwa, a kowace gaɓa akwai ido mai barci, kuma muddin kan na nan yana aiko da oksin, idanun nan ba za su farka ba. Waɗansu masana biyu a Amurka, Thimann da Skoog, sun tabbatar da haka a 1933, da suka yanke kan tsiro suka sa oksin a wurin yankan, idanun suka ci gaba da barcinsu kamar ba a yanke kome ba. Har ila yau, maganin ciyawar nan da ake kira 2,4-D, wanda ake fesawa a gonar shinkafa da masara, oksin ne na ƙira. Yakan sa ciyawa mai faɗin ganye ta yi girman hauka, ta murɗe, ta mutu, amma dangin hatsi suna iya jure masa. Shi ya sa mai fesa shi ya kamata ya dubi inda iska ta nufa, domin wake da auduga da tumatir duk masu faɗin ganye ne, maganin kuwa bai san gonar maƙwabci ba.

Sai kuma maganar sama da ƙasa. Mai shuka ba ya tsayawa ya daidaita kowace ƙwaya, jefawa yake yi ya take da diddige, amma ba a taɓa jin saiwa ta ɓullo sama ganye ya nutse ƙasa ba. Tun a 1806 wani Bature a Ingila mai suna Thomas Knight ya ɗaura ƙwayoyi masu tsirowa a bakin wata ƙafar keke da ruwa ke juya ta da sauri. Saiwoyin suka nufi waje, inda ƙarfin juyawar ke wurga su, karan kuwa suka nufi tsakiya. Ya nuna ke nan nauyi tsiro ke ji. Yanzu an san cewa a tsinin saiwa akwai waɗansu ɗakuna masu ɗauke da 'yan ƙwayoyin sitaci masu nauyi, waɗanda kullum suke kwantawa a gefen da ke ƙasa, kamar tsakuwa a ƙwaryar ruwa. In saiwa ta kwanta, sai su mirgina, oksin ya taru a gefen ƙasa. Sai dai ita saiwa halinta dabam ne da na kara: oksin mai yawa rage mata girma yake yi, don haka gefen sama ya fi tsawo, ta sunkuya ƙasa. A kara kuwa gefen ƙasan ne ke ƙaruwa, shi ya sa dawar da hadari ya kwantar, in ba ta karye ba, bayan 'yan kwanaki za ka ga ta ɗago daga gaɓa.

Amma a wannan fage ban ga wanda ya kai gyaɗa ban mamaki ba. Furenta ruwan ɗorawa a sama yake fitowa, ya yi yini guda ya yanƙwane. Daga gindinsa sai wani siririn abu kamar allura ya fito, ɗauke da 'ya'yan a tsininsa, ya juya ya nufi ƙasa kamar saiwa, ya huda ta, ya shiga kamar tsawon gaɓar yatsa ɗaya ko biyu. Sai ya ji duhu da laima sa'an nan ya kwanta ya fara kumbura ya zama kwanso. Allurar da ba ta kai ƙasa ba, ko ta tarar da ita ta yi tauri, bushewa take yi. Wannan ne dalilin da ya sa gyaɗa ke son ƙasa mai laushi, kuma ya sa noman ganganci a lokacin da take sa allura yake rage buhu.

To, yanzu mu koma ga dawa. Amsar tambayarmu a Amurka aka fara samo ta, kuma ba a kan dawa ba. Akwai wani irin taba da ake kira Maryland Mammoth, wanda a gona yakan yi ta tsawo, ya fi mutum nesa ba kusa ba, amma ya ƙi yin fure har sanyi ya zo ya kashe shi. Waɗansu ma'aikatan gona na gwamnati biyu, Garner da Allard, suka gwada taki, suka gwada ruwa, suka gwada zafi, duk ba su ne ba. Daga ƙarshe suka riƙa ɗauke tukwanen tabar da la'asar suna sa su a ɗaki mai duhu, su fito da su da safe, watau suka gajarta musu yini. Nan da nan taba ta yi fure. Sun kuma lura da wani irin waken soya wanda ko yaushe aka shuka shi, da wuri ko a makare, duk a watan Satumba yake fure, daidai da halin dawarmu. A 1920 suka bayyana cewa tsirrai da yawa suna auna tsawon yini, da shi suke sanin lokacin shekara. Waɗansu sai yini ya gajarta suke fure, waɗansu sai ya tsawaita, waɗansu kuwa babu ruwansu.

A 1938 aka ƙara gano cewa ashe ma dare suke aunawa. Hamner da Bonner sun ɗauki wata ciyawa mai son gajeren yini, suka ba ta dogon daren da take bukata, amma a tsakiyarsa suka kunna mata fitila na minti guda. Sai ta ƙi yin fure. Da suka katse mata yini da ɗan duhu kuwa, ko a jikinta. Ganye ne ke yin wannan awo. A cikinsa akwai wani sinadari mai jin haske, wanda aka ware a 1959, da ke sauya kama in haske ya taɓa shi, ya kuma koma yadda yake sannu a hankali cikin duhu. Bayan wannan, tsiro yana da agogo a jikinsa mai zagayowa kusan kowace sa'a 24. Ku dubi ganyen tsamiya ko na gyaɗa bayan magariba, za ku ga sun rufe, da safe su buɗe. Wani Bafaranshe mai suna de Mairan ya sa irin wannan tsiro mai rufe ganye a wuri mai duhu tun a 1729, ya ga ya ci gaba da buɗewa da rufewa a kan lokaci ba tare da ya ga rana ba. Da agogon nan da sinadarin nan ne ganye ke gane ko dare ya kai yadda ake so. In ya kai, sai ya aika da saƙo zuwa kan tsiro cewa a daina yin ganye, a fara yin fure. Wani masani a Rasha, Chailakhyan, ya ce lalle akwai wannan saƙo tun a 1936, amma aka yi ta nema ba a same shi ba sai a 2007, aka tarar wani ɗan ƙaramin furotin ne da ke bin jijiyoyin da abinci ke bi.

Mai karatu zai ce, to ai wannan a ƙasashen Turai ne, inda yini kan kai sa'a 16 ko fiye, mu nan kuwa kusan dare da rana daidai suke. Gaskiya ne bambancin namu kaɗan ne. A Kano yini mafi tsawo, a watan Yuni, kamar sa'a 12 ne da minti 50, mafi gajarta kuwa, a Disamba, kamar sa'a 11 da minti 25. Duk mai kula da lokacin asuba da magariba ya san da wannan. To ɗan abin nan ya ishi dawa. Bambancin da bai kai rabin sa'a ba ya isa ya sa ta yi ciki ko ta ƙi. Tun daga ƙarshen Yuni dare ke ƙaruwa kaɗan-kaɗan, ita kuwa tana nan tana ta yin ganye da kara, har ranar da ya kai mizaninta. Daga nan sai zangarniya ta fara ƙulluwa a ɓoye cikin kara, wata guda ko fiye kafin mu ga ta fito. Da wadda aka shuka da wuri da wadda aka makara, dare ɗaya suke kwana a ciki, shi ya sa suke fid da kai tare.

Wani masani mai suna Curtis, wanda ya yi nazarin irin dawar Nijeriya ya buga a 1968, ya nuna cewa kowane yanki dawarsa tana fid da kai ne daidai da lokacin da ruwan yankin ya saba ɗaukewa. Ta arewa, inda damina ke da gajarta, tana riga ta kudu. Hikimar da ke ciki kuwa babba ce. A ƙasarmu farkon damina ba shi da tabbas, bana ya sauka a Mayu, baɗi sai ƙarshen Yuni, amma ƙarshenta ya fi tsayawa wuri ɗaya. Da dawa kwana take ƙirgawa daga ranar shuka, da shekarar da aka shuka da wuri sai ta nuna a tsakiyar marka, fumfuna ya baƙanta ƙwayar, tsuntsaye kuma su taru a kan gona ɗaya da ta riga saura. Shekarar da aka makara kuwa sai ruwa ya ɗauke ya bar ta ba ta yi ido ba. Amma da yake dare take aunawa, sai ta yi fure ana sauran laima a ƙasa, ta cika ƙwaya da wannan laimar, ta bushe a busasshiyar iskar kaka. Kakanninmu ne suka gyara wannan agogo ba tare da sun san sunansa ba, domin kowace shekara zangarniyar da ta fi kyau ita suke warewa iri, wadda ta fi kyau kuwa ita ce wadda lokacinta ya dace da ruwan garin.

Daga nan za mu gane haɗarin sayen iri a kasuwa ba a tambayi asalinsa ba. Dawar da aka ɗauko daga kudancin Kaduna aka kai Daura za ta yi kara mai ban sha'awa, kore shar, amma tana jiran daren da ba zai zo ba sai bayan ruwa ya ɗauke, mai gona ya tashi da kara ba hatsi. Wadda aka ɗauko daga Daura aka kai kudu kuwa za ta nuna ana tsakiyar ruwa, ta lalace. Ba ƙasar ce ta ƙi irin ba, agogonsa ne na wani gari.

Ba dawa kaɗai ke da wannan hali ba. Maiwa ma haka take, shi ya sa take kaiwa kaka, alhali gero, wanda bai damu da tsawon dare sosai ba, yakan nuna cikin wata uku ya fid da mutane daga yunwar tsakiyar damina. Waken gargajiya irin Kanannado yakan yi ta yaɗo a ƙarƙashin hatsi har sai dare ya yi tsawo sa'an nan ya yi fure, wanda ya kai shi lambu da rani kuwa zai ga ya tsugune ya yi fure tun yana ƙarami, ba yaɗo ba harawa. Albasa ita ma da tsawon yini take sanin lokacin yin kai. Irin da aka saba nomawa a arewacin Turai sai yini ya kai sa'a 14 zuwa 16 yake yin kai, abin da ba ya faruwa a nan har abada, saboda haka in an shuka shi ganye kawai za a samu.

Masu binciken aikin gona a Samaru ta Zariya da cibiyar IITA sun fid da irin dawa da wake masu nuna da wuri, waɗanda ba ruwansu da tsawon dare, har akwai waken da ke nuna cikin kwana 60 zuwa 70. Bayan farin 1973 da na 1984, lokacin da damina ta gajarta dogon iri ya kasa kaiwa a wurare da yawa, amfanin irin waɗannan ya fito fili. Amma a ganina kuskure ne a ce an yar da na gado. Sabon iri kwana yake ƙirgawa, saboda haka nauyin zaɓen ranar shuka ya koma kan manomi, in ya yi sauri ya girbe cikin ruwa. Na gado kuwa shi ke ɗauke wa mai shi wannan nauyi, ga kuma kara na darni da harawar dabbobi. Manomin da ya ajiye duka biyun ya fi kwanciyar rai.

Game da ruwa ba zan tsawaita ba. A jikin ganye akwai 'yan ƙofofi dubbai, ta nan iskar kabon da tsiro ke haɗa abinci da ita take shiga, ta nan kuma ruwa ke fita, har fiye da kashi 90 cikin 100 na abin da saiwa ta sha ta nan yake tafiya. In ƙasa ta fara bushewa, sai wani sinadari da ake kira absisik ya ƙaru, ya sa ƙofofin su rufe. Masara da dawa har naɗe ganye suke yi da tsakar rana. Wannan yakan ceci rai, amma ƙofar da ta hana ruwa fita ta hana iska shiga, girma ya tsaya, don haka ko ruwa ya dawo, kwanakin da aka yi a rufe an yi hasararsu. In kuwa ruwa ne ya yi yawa, dubi shinkafar fadama mai bin ruwa, irin wadda aka daɗe ana nomawa a fadamun Sakkwato da bakin Kwara. Idan ambaliya ta rufe ta, wata iska da jikinta ke yi, mai suna etilin, sai ta rasa hanyar fita ta taru a ciki, taruwar nan ta ta da wani sinadarin tsawo da ake kira jibaralin, gaɓoɓin su miƙe. An auna irin wannan shinkafa a Asiya tana ƙara santimita 20 zuwa 25 a rana guda, don dai kanta ya zauna a bisa ruwa.

Etilin ɗin nan dai shi ne ke nunar da ayaba da mangwaro da tumatir, shi ya sa in an rufe ɗanye tare da nunanne a kwando ko a buhu sai duk su nuna, don nunannen na fid da iskar. Masu gaggawa sukan sa kabaid irin na masu walda, wanda ke fid da wata iska mai kwaikwayon etilin. Bayan ɗan itacen ya yi ja ko rawaya, cikinsa kuwa lami, ga dattin guba da ke tare da kabaid ɗin. Hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kan wannan.

Akwai kuma wanda ya mai da saƙonnin nan makamin sata, watau ƙuduji, wanda waɗansu ke kira wuta-wuta, mai furen nan ja-ja mai kyau da ke tsotse dawa da gero da masara. Ƙwayarsa kamar ƙura take, gindi ɗaya yakan zub da dubun-dubatarta, kuma tana iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara 10 ba ta mutu ba. Abincin da ke cikinta ɗan kaɗan ne ƙwarai, in ta tsira ba ta sami saiwar da za ta kama cikin 'yan kwanaki ba, ta mutu. Saboda haka ruwa kaɗai ba ya ta da ita, sai ta sansano wani sinadari da ke fita daga saiwar da ke dab da ita. An fara ware irin wannan sinadari a 1966 daga saiwar auduga, aka sa masa suna sitirigol. Sai mutum ya ce, to me ya kai dawa fid da abin da zai kira mata maƙiyi? A 2005 masana a Japan suka gano cewa ba ƙuduji take kira ba, wata irin fumfuna ce ta cikin ƙasa mai amfani, wadda ke manne wa saiwa tana jawo mata fosforas, sinadarin nan da ke cikin takin supa, ita kuwa tana ba ta sukari. A 2008 kuma aka gano cewa dangin sinadarin nan suna aiki a cikin jikin tsiron kansa, suna hana shi yawan rassa. Watau in ƙasa ta gaji, tsiro yakan ƙara yinsa don ya rage rassan da ba zai iya ciyarwa ba, ya kuma kira mataimaki, shi kuwa ƙuduji yana laɓe yana saurare. Wannan na cikin dalilan da suka sa ya fi addabar gonar da ta gaji, ya kuma ragu inda ake zuba taki.

Auduga da waken soya da gyaɗa su ma suna fid da irin wannan kira, amma ƙudujin hatsi ba ya iya rayuwa a saiwarsu. In aka shuka su a gonar da ya cika, ƙwayoyinsa da ke kusa da saiwar sai su farka, su nemi abin kamawa su rasa, su mutu cikin kwana kaɗan. Shekara ɗaya ba ta isa ta share abin da aka daɗe ana tarawa ba, sai an yi ta juya shuka, ana kuma tuge wanda ya fito tun bai zub da 'ya'ya ba, a fitar da shi daga gona a ƙone.